Gargaɗi ga masu bi na Uba da kewaye: kada a kira ciwo la'ana

'Yan'uwa cikin Almasihu, iyayenmu fastoci, dattawan ikilisiya, da iyayenmu mata na Zumunta, wannan magana ta gaggawa ce, a karanta ta a majami'a, a kuma maimaita ta a gida.

A ƙarshen Oktoba 2014 Boko Haram ta mamaye Uba, ranar 29 ga watan kuma ta shiga Mubi da hedkwatar ikilisiyar EYN da ke Kwarhi. Mutane suka watsu cikin duwatsu, wasu Yola, wasu Jos, wasu Kamaru. An dawo, an sa sabon kwano a majami'u, an koma gona. Amma akwai gidajen da har yau gudun bai ƙare ba. Magidancin da a da ba ya ɗaga murya, yanzu ƙarar faɗuwar kwano ta isa ya ɗaga hannu a kan matarsa. Washegari ya yi kuka, ya roƙi gafara, ya fita gaban bagade ranar Lahadi, bayan sati biyu a koma gidan jiya. Saurayin da ya ga gawa yana ɗan shekara goma ba ya samun barci sai ya haɗiyi tiramadol. Uwa tana zaune tsakiyar 'ya'yanta, hankalinta yana wani wuri. Yaran da aka haifa bayan dawowa ba su ga komai ba, amma a wannan gidan suke koyon yadda ake fushi, kuma da shi za su yi aure.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa kusan mutum 1 cikin 5 a wuraren da yaƙi ya taɓa yana fama da damuwa mai tsanani, ko fargaba, ko wata larurar ƙwaƙwalwa. Ku duba bencin da kuke zama a kai ranar Lahadi, ku yi lissafi da kanku.

Haɗarin da ya sa na rubuta shi ne sunan da muke ba wa abin. Da zarar hali ya maimaitu sai a ce la'anar gida ce, ko aljani, ko an yi masa asiri. Daga nan sai a kwashi mutum zuwa gidan addu'a inda ake sa kuɗin mai da kuɗin ruwa, a sa shi azumin kwana da kwanaki ba ci ba sha, a ce ya zubar da maganin asibiti don ya nuna bangaskiya. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton yadda ake ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a wuraren addini da na gargajiya a Najeriya, na Kirista da na Musulmi duka. Wanda ya ɗaure ɗan'uwansa da sarƙa ko ya yi masa bulala da sunan fitar da aljani, zalunci ya yi, ko da Littafi Mai Tsarki na hannunsa. Mai farfaɗiya ko mai ciwon ƙwaƙwalwa da ya yanke magani rana ɗaya yana iya rasa ransa.

Ba na raina addu'a, Allah ya kiyaye. Amma ku sake karanta labarin Iliya a 1 Sarakuna 19. Annabi ne, ya gudu don tsoro, ya kwanta a jeji yana roƙon mutuwa. Allah bai tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko masa da abinci da ruwa har sau biyu, sannan ya tambaye shi abin da ke damunsa, ya saurare shi, daga baya ya haɗa shi da Elisha don kada ya zauna shi kaɗai. Ezekiyel 18 kuma ta rushe zancen cewa dole ɗa ya ɗauki laifin ubansa. Abin da ke bin gida daga kaka zuwa jika yawanci hali ne da aka gani aka koya, aka kuma rufe shi da shiru. Gidan Dauda ya isa misali: Dauda ya ji abin da ɗansa Amnon ya yi wa 'yarsa Tamar, ya husata, bai yi komai ba, ƙarshenta jini ya zuba tsakanin 'ya'yansa.

Saboda haka, Baba Fasto, idan mace ta zo da kumburi a fuska, kada a sallame ta da “ki yi haƙuri” kawai. A fara samo mata wurin da za ta kwana lafiya ita da yaranta, sannan dattawa su zauna da mijin. Gafara ba ta nufin a mayar da ita bakin sanda. Tuban da babu wanda ke bin sawunsa kuwa, ba ya wuce ƙofar majami'a: a sa wa mijin ɗan'uwa ɗaya tsayayye da zai riƙa ganinsa duk mako, ya san lokacin da abin ke taso masa, ranar kasuwa ce, ko dare, ko in kuɗi ya yanke.

Tun 2015 EYN take gudanar da tarukan warkar da raunin zuciya, da tsarin da aka fara a Ruwanda da Burundi bayan kashe-kashen da aka yi a can, inda mutane ke zama su faɗi abin da ya same su, su yi kukan da ba su samu damar yi ba lokacin gudu. Ku tambayi fastonku ko sakataren gunduma wanda aka horar kusa da ku. Maza musamman, don su ne ke cewa ba komai.

Alamun da ba a jira da su: mutum ya fara zancen kashe kansa, ko yana rarraba kayansa, ko ya yi kwanaki ba barci yana jin muryoyi, ko yana barazana da wuƙa. Kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da maganin ƙwari da na ciyawa daga ɗaki, a kai shi Babban Asibitin Mubi a ranar, a nemi a tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a Yola ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Maiduguri. A yi masa addu'a a cikin mota, ana tafiya.