Falon Bene da Sirrin Gidan Bahaushe

Gidan Bahaushe na gargajiya ya san inda baƙo zai tsaya. Zaure ne ke tare namiji, tsakar gida kuwa ta mata da yara ce, a can ake girki da wanki, a shimfiɗa tabarma da daddare. Gidajen bene na zamani, irin na Gwarimpa a Abuja ko sababbin unguwannin Kano da Kaduna, sun haɗiye duka biyun. Ƙofar waje na buɗewa kai tsaye cikin falo, wanda ya yi sallama sai idonsa ya kai har kicin.

A nan gwanintar mai tsara ɗaki ke bayyana. Wasu kan sa kafinta ya kafa shingen katako mai huda-huda kusa da bakin ƙofa, da ɗan kabad na takalma a gindinsa, iska ta wuce amma ido ya tsaya. Wasu labule mai kauri kawai suke ratayawa a hanyar ɗakunan kwana, uwargida ta yi zirga-zirgarta ba sai ta nemi mayafi ba.

Babbar rigimar dai ta kujeru ce. Iyayen amarya ne ke yin kayan ɗaki, kuma ba mai son a ce ya gaza, don haka sai a sayo saiti mai cin mutum bakwai, mai hannuwa ruwan zinari, tun ba a auna falon ba. Ranar jere mata su yi ta turawa da ja, a ƙarshe ba wurin shimfiɗa ledar cin abinci, balle sahun salla. Doguwar kujera guda mai bin kusurwa, da tum-tum na fata biyu ko uku irin na Kasuwar Kurmi, sun fi ɗaukar jama'a, ga tsakiyar ɗaki a sake. Sai dai shawo kan gwaggon amarya aiki ne mai zaman kansa.

Yanayi ma da tasa rigimar. Kafet daga bango zuwa bango ma'ajiyar ƙurar hunturu ce, shi ya sa tayil da ƙaramin kafet da za a iya kakkaɓewa suka yi kasuwa. Fenti mai haske na taimakawa in an ɗauke wuta da rana. Silin POP mai hawa-hawa da fitilu kuwa yana burge baƙi, amma yana rage tsayin ɗaki a ƙasar da zafin Afrilu kan kai digiri 40, kuma ɗan haya in zai tashi, mai gida yake bar wa.