Rage Kaya ko Nemo Mataimaki?

Wata uku ko huɗu da fara sana'a, akwai gajiyar da ke sauko wa mutum wadda barci ba ya maganinta. Sau da yawa ma cinikin da aka yi ta addu'ar samu ne ke kawo ta. Mutum ɗaya shi ne mai saro kaya, shi ne mai aikin, shi ke talla, shi ke amsa waya, shi ke bin bashi, kuma da dare shi zai zauna yana neman inda kuɗin ya shige. Idan ya kai kukansa, shawara biyu zai ji. Abokai za su ce ya nemi yaro, ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tsofaffin sana'a kuwa sukan ce ya rage abin da yake karɓa. Kowace da gaskiyarta, sai dai ba a lokaci ɗaya suke amfani ba, kuma mai sabuwar sana'a yakan fara da wadda ya kamata ta zo daga baya.

Mu ɗauki telan da ubangidansa ya yaye shi, ya kama ɗan shago a unguwa da keke ɗaya, sai ga azumi. Kafin goman farko ta ƙare, ledojin yadi da shadda daga Kantin Kwari sun cika bayan keken, kowace da sunan mai ita a guntuwar takarda. Ya karɓi kaftani, ya karɓi babbar riga, ya karɓi kayan yara, har da ɗinkin matan da bai ƙware a kai ba, don matar maƙwabci ce ta aiko. Kowa ya ce masa "kafin sallah fa", ya ce "in sha Allahu". Wuta ba tabbas. In zai tayar da janareta sai ya yi lissafi sau biyu, domin tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 kafin ƙarshen 2024. Wayarsa na ƙara, yana ganin sunan mai kiran sai gabansa ya faɗi.

Nemo yaro abu ne da muka gada, kuma ba a banza ba. Kasuwannin Kwari da Singa da Dawanau duk a kan wannan tsarin suka tsayu: yaro ya yi shekaru a gaban ubangida, ya san kaya, ya san mutane, daga ƙarshe a sallame shi da jari ko a haɗa shi da masu ba da kaya bashi. Amma a duba waɗanda ke ɗaukar yaran. Mutane ne da shagonsu ya riga ya zauna, sun san abin da ke shigowa kullum, suna da manyan yara da za su koya wa ƙanana. Sabon tela ba shi da ko ɗaya daga ciki. Yaron da zai zo masa a tsakiyar azumi koyo zai yi, kuma lokacin koyarwar daga lokacin ɗinki za a cire shi. Kuɗin mota da na buɗa-baki kullum ne, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Ranar da ya ƙona wa mutane shadda da dutsen guga, mai shago ne zai biya. In kuwa ƙani ne ko ɗan yaya, to sallamarsa ta zama maganar dangi; sai an je gaban iyaye, sai an ce ka samu wuri ka manta da naka.

Akwai abin da ya fi waɗannan damuna. Da zarar an zama biyu a shago, sai mai shi ya ji ƙarfin karɓar ƙarin aiki. Alhali abin da ke hana shi barci yawan alkawuran da ke rataye a wuyansa ne, kuma yaro ba ya ɗaukar alkawari ko ɗaya. Mai kaya ba yaron zai kira ba.

Rage aiki ya fi ɗaci a farko. Mutum ya yi watanni yana zaman jiran mai shigowa, yanzu a ce ya mayar da wani da ledarsa? Ga asarar kuɗi a daidai lokacin da ake samun na shekara, ga tsoron kada wanda aka mayar ya koma wani shago ya zauna can. Sannan ga kunya, wadda a wurinmu ta fi kuɗin nauyi. Yaya za ka dubi abokin mahaifinka ka ce, "Baba, ka yi haƙuri, na rufe karɓa"? Da yawa sun gwammace su karɓa su saɓa, suna ganin hakan ya fi ladabi. Ni dai ban ga ladabi a barin dattijo ya je idi da tsohuwar riga bayan an ce masa ya kwantar da hankalinsa ba. Wanda aka faɗa wa gaskiya tun goman farko yana da lokacin neman wani tela, kuma yakan dawo bayan sallah. Wanda aka saɓa wa a daren sallah, labarin zai kai majalisa uku kafin a sauko daga idi.

Ribar ragewar kuwa a hannu ake jin ta. Telan da ya tsaya a kan kaftani da wando kawai zai shimfiɗa ya yanka biyar a zama ɗaya, zarensa da maɓallansa iri kaɗan ne, hannunsa na ƙara sauri kullum. Ya san adadin da yake gamawa a yini, ya ƙirga kwanakin da suka rage, ya cire biyu saboda rashin wuta ko zazzaɓi, ya rubuta a ƙofa cewa an rufe karɓar ɗinki. Daga ranar yana iya ɗaga waya.

Haka abin yake ga matar da ke sana'ar gida tana talla a WhatsApp. Ta fara da cincin, aka ce ko tana samosa, ta ce tana yi. Aka tambayi zoɓo da kunun aya, ta ƙara. Cincin zai yi makonni a roba bai canja ba. Kunun aya kuwa, in aka ɗauke wuta firiji ya huce, kafin la'asar ya yi tsami, an zubar da aya da dabino da kwakwa. A lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, kamar yadda aka gani a Disambar 2024, kowane sabon abu da ta ƙara wani farashi ne da za ta riƙa bibiya, kuma wani ɓangare ne na ɗan jarinta da zai kwanta. Mai abu biyu tana iya sanin ribarta a kowane kwano na fulawa. Mai abu bakwai sai dai ta ga kuɗi na shiga suna fita.

Duk da haka, akwai taimakon da nake ganin a nema tun ranar farko, wato miƙa aiki sukutum ga wanda sana'arsa ce. Tela ya kai wa mai aikin wuyan riga, ya kai wa masu bugu, ya biya kowace riga kuɗinta. Mai cincin ta ba ɗan kai saƙo kayan maimakon ta bar wuta a kunne ta shiga adaidaita sahu. Waɗannan ba sai an koya musu ba, ba a ciyar da su, kuma ranar da babu aiki babu biya. Akwai kuma sana'o'in da ragewa ba ta yi musu komai, domin zaman ne sana'ar: mai shayi, mai POS, mai shagon kayan masarufi da ke buɗewa da sassafe ya rufe bayan isha'i. Dole wani ya tsare wurin idan an tafi masallaci ko kasuwa. A nan mataimaki ba makawa, amma littafin shiga da fita ya riga shi zuwa, in ba haka ba zargi ne zai raba su, ko da kuwa yaron mai amana ne.

Ga mata, sau da yawa hannun da ake buƙata a cikin gida yake: wanda zai kai yara makaranta, wadda za ta riƙe jariri awa biyu a ranar suya. Maigida da ya ɗauke wannan ya fi wanda ya ƙara jari amfani. Abin da bai kamata ba ko kaɗan shi ne a cire yarinya daga aji a ɗora mata tire, a kira shi taimako.

Saboda haka idan aka tambaye ni, a fara da ragewa, a miƙa abin da ke miƙuwa, a jinkirta ɗaukar yaro har sai an iya faɗin aikinsa dalla-dalla, kuma cinikin mako mara kyau ma yana iya biyansa. Ga tela, lokacin shi ne bayan sallah, sa'ad da shago ya yi shiru. Sai a fara masa da sa maɓalli da guga, a ba shi ragowar ƙyallaye ya koyi miƙe layi, ya riƙa ganin yadda ake awo ana rubutawa. Almakashi da shaddar mutane kuwa sai ya kwana biyu.