Jif a Matsayin Motar Iyali: Ina Makomar Jariri?

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa rigakafi ya fi magani. Duk wanda ya zauna a Suleja ya san cewa da zarar ka sauka daga kwaltar Abuja zuwa Kaduna ka nufi cikin unguwanni ko ƙauyuka, to sai hawa da gangara da ramuka, musamman da damina. Wannan ne ya sa magidanta da dama ke burin mallakar jif irin su Prado da Pajero, ko kuma Hilux. Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne, shin girman mota shi kaɗai ya isa ya kare jariri?

Abin da ya faru da mu

Mijin yayata ya sayi jif 'yar Kwatano saboda hanyar ƙauyenmu na Gbagyi da ke gaba da Lambata. Ranar da Yaya ta fita yawon arba'in, ni ce 'yar rakiya. Ta zauna a gaba da jaririyar a cinya, ni da Inna muna baya. Kafin mu kai mararrabar Dikko sai wani ɗan acaɓa ya gitta, maigidan ya taka birki da ƙarfi. Yarinyar ta suɓuce daga hannun uwarta ta faɗa wajen ƙafa. Allah ya kiyaye, tawul ɗin da aka naɗe ta da shi ya tare ta. Gudun da muke yi ko kilomita 40 bai kai ba. Tun daga ranar na shiga bincike.

Amfanin jif

Gaskiya jif tana da rana. Cikinta ya yi nesa da ƙasa, don haka dutse ba ya dukan ta. Tayoyinta huɗu duk suna ja, shi ya sa take fita daga taɓon da ƙaramar mota za ta kafe. Idan zazzaɓi ya kama yaro cikin dare a watan Agusta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga kuma fili na zuba kaya. Sai dai tana da shan mai, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, masu ita suna ji a aljihunsu.

Inda gizo ke saƙar

Na farko, tsayin da ke taimakon jif a cikin taɓo shi ne rauninta a kan kwalta. Nauyinta yana sama, saboda haka ta fi ƙaramar mota saurin kifewa idan aka karya sitiyari da gudu ko taya ta fashe. Ɗora buhuna a kan rufinta yana ƙara wannan haɗari. Haka kuma jan taya huɗu na taimakawa ne wajen tafiya, ba ya rage nisan da mota za ta ci kafin birki ya tsayar da ita.

Na biyu, hannun uwa ba ya iya riƙe jariri a lokacin karo. A lissafin kimiyya, karo a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10. Idan mota ta tsaya farat ɗaya, duk abin da ba a ɗaure ba zai ci gaba da tafiya. Ga kuma jakar iska da ke gaban fasinja, wadda don manya aka yi ta, ƙarfin fitowarta na iya kashe jariri. Saboda haka ne Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ke gargaɗin cewa yaran da ba su kai shekara 12 ba su zauna a baya.

Na uku, direban jif ba ya ganin abin da ke ƙasa dab da motar. Yaro mai rarrafe zai iya shiga bayanta a tsakar gida ba a sani ba. Kafin a yi ribas, a zagaya motar tukuna.

Mafita

Maganin shi ne kujerar jarirai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce amfani da ita na rage mutuwar jarirai a haɗarin mota da kusan kashi 70 cikin 100. A kujerar baya ake kafa ta, jaririn yana fuskantar bayan mota. Dalili kuwa, kansa yana da nauyi, wuyansa bai yi ƙwari ba, don haka bayan kujerar ne zai tallafe kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya.

Mai niyyar sayen jif ya duba waɗannan:

1. Ta kasance mai ƙofa huɗu da kujerar baya mai fuskantar gaba. A-kori-kura mai gida ɗaya, ko jif mai benci a gefe, ba su dace ba.
2. A lalubi ƙugiyoyin ƙarfe a lungun kujerar baya. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 2002 suna da su. In babu, ana iya ɗaure kujerar da bel.
3. A duba lambobi huɗu na ƙarshe a jikin taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar ƙira.
4. A ɗaure kayan da ke baya, kada tulun gas ko jak ya taso ya faɗa wa yaro.
5. Kada a bar jariri a rufaffiyar mota ko na minti kaɗan, musamman a zafin Maris da Afrilu.

Kammalawa

Da aka kawo kujerar gidanmu, Inna ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya taɓa ɗaure jinjiri kamar kaya?" Na ce, "Inna, ai ke ma in kin goya ta sai kin ƙara da majanyi." Ta yi dariya, kuma yanzu ita ce ke tuna wa Yaya ta ja maɗaurin sosai. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, iyayen gobe, da mu sani cewa wanda ya iya sayen jif ba zai gaza sayen kujerar ɗansa ba. Allah ya tsare mu da zuri'armu, amin.