Fatar Jar Akuya Da Ta Rasa Sunanta

A kasuwannin Shinkafi da Ƙauran Namoda an daɗe ana cinikin fatar jar akuya, irin wadda majeman ƙasar Hausa ke jemewa da bagaruwa. Tun kafin zuwan Turawa fatake ke ƙetare Sahara da ita, amma da ta isa Ingila sai aka laƙaba mata sunan Maroko, aka riƙa yi wa manyan littattafai bango da ita. Ko da aka gane asalinta, "Marokon Neja" aka ce, ba a ambaci Bahaushe ba. Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929, kamfanonin Turawa suka shiga kwasar fata da araha. Yau kuwa daga Kano take zuwa Italiya, ta fito jaka mai tsada da tambarin can.