Idanun tashar nukiliya: daga allura zuwa kwamfuta

Yau zancenmu a kan tashar nukiliya ne, wato gidan da ake samar da wutar lantarki da uraniyum. Kun san ƙasarmu Nijar ta fara haƙo wannan ma'adini a Arlit tun 1971. An yi shekaru ana kai shi ƙasashen waje, musamman Faransa.

A cikin tasha, uraniyum yana ba da zafi mai tsanani. Zafin ya tafasa ruwa, tururi ya juya inji, inji ya ba da kuran. Amma mutum ba ya iya leƙa cikin tukunyar, domin tana fitar da haske mai kisa wanda ido ba ya gani. To, yaya ma'aikata su ke sanin abin da ke ciki? Da na'urorin awo. Su ne idanun tasha. Suna auna zafi, da ƙarfin tururi, da yawan ruwa.

Ku na unguwar Dar es Salam a Yamai, ku dubi abin awon kuran da NIGELEC ta sa a bangon gida. Na dā yana da faifai mai juyawa. Na yanzu lambobi ya ke nunawa a ƙaramin gilashi. Irin wannan canji ake yi ma tsofaffin tashoshi. Ana cire allurai da fitilu, ana sa kwamfuta. Dalili na farko mai sauƙi ne: kayan sun tsufa, masana'antu da yawa sun daina ƙera irinsu.

Dalili na biyu ya fi nauyi. Ran 28 ga watan Maris 1979, a tashar Three Mile Island ta Amurka, wata kafar tururi ta maƙale a buɗe. Fitilar ɗakin ma'aikata ta sa suka zaci a rufe ta ke. Ashe fitilar tana nuna an ba da umarnin rufewa ne kawai. Ƙararrawa fiye da 100 suka yi ta kuka, aka rasa wadda za a saurara. Ruwa ya yi ta zurarewa fiye da awa biyu, har wani sashe na cikin tukunyar ya narke. Kwamfuta tana rage irin wannan ruɗani. Tana tace labari, ta sa mafi hatsari a gaba, kuma tana binciken kanta ta faɗi inda ta samu matsala.

Faransa ta buɗe tashar Chooz B a 1996, da ɗakin ma'aikata mai aiki da kwamfuta. A Amurka, tashar Oconee ta fara sauya na'urorin tsaronta a 2011.

Kada ku ce kwamfuta ba ta kuskure. Ana sa na'urorin tsaro huɗu su lura da abu guda, kamar shaidu huɗu gaban alƙali. In biyu suka ce akwai hatsari, sandunan kashe wuta su faɗa cikin tukunya nan da nan. Amma in malami guda ya koya ma shaidun nan huɗu karatu, kuma akwai kuskure a karatun, duka za su yi kuskuren tare. Wannan ita ce babbar damuwar masana. Shi ya sa ake barin wata hanya dabam, ta waya da makunni, wadda ba ta bi ta kwamfuta. Akwai kuma ɓarayin zamani. A 2010 an gano wata cutar kwamfuta mai suna Stuxnet, wadda ta ɓata injunan tace uraniyum a Iran. Saboda haka ake raba kwamfutar tsaro da intanet.

A Afirka, tashar Koeberg ta Afirka ta Kudu ta fara ba da wuta a 1984. Kusa da mu, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike da koyarwa, wadda ta fara aiki a 2004. Nan gida kuwa, a watan Yuli 2025 Nijar ta sa hannu da Rasha a kan takardar fahimtar juna game da makamashin nukiliya.