Kafin Dillalin Maki Ya Kira Ka

Ƙannena na Birnin Kudu da Gwaram, da ku nake: ku da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, da makarantar koyon aikin jinya da ke nan cikin Birnin Kudu, da waɗanda suka tsallaka Azare da Bauchi. Akwai wata sana'a da ke tsirowa kusa da manyan makarantun ƙasar nan duk lokacin da aka saki sakamako, ita ce dillancin maki. Wani zai ga lambarka a allon sanarwa ko a guruf ɗin WhatsApp na aji, ya san ka faɗi kwas, ya kira ka da murya mai taushi ya ce yana da hanya, ka turo dubu kaza cikin asusunsa zai sa a gyara. Kada ka tura ko sisi. In ɗan damfara ne, kuɗinka sun tafi. In kuwa da gaske yana da hannu a ciki, abin ya fi muni, domin ranar da asiri ya tonu sunanka ne a kan takardar, kuma hukuncin maguɗin jarabawa yakan kai ga kora. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Abin takaici, da yawa daga cikin waɗanda ke faɗawa wannan tarko gaskiya ce da su. Malami ɗaya na iya duba takardun ɗalibai ɗari biyar. Akan manta da shigar da makin gwaji, alhali a yawancin makarantu shi ne kashi 30 ko 40 cikin ɗari. Akan rubuta makin wani a gaban lambar wani, wani lokacin kuma takardar amsa ta ɓace ɗungurungum. Duk waɗannan suna da hanyar gyara ta halal, sai dai hanyar tana da wa'adi, kuma a nan ne mutanenmu suka fi yin asara. Ɗalibi ya dawo gida hutu, kaka ta yi, yana gona ana girbi, sabis ba ƙarfi, bai leƙa fotal ba sai da aka koma makaranta. Kafin nan majalisar jami'a ta riga ta amince da sakamakon. Gyaran da jami'in jarabawa na sashe zai iya yi da biro tun a farko, yanzu sai ya bi ta kwamitoci.

Kada wani ya ce maka kwas ɗaya ba komai ba ne. Ɗauki ɗalibin da ya tara maki 422 a yunit 120, wato CGPA ɗinsa 3.52, yana cikin daraja ta biyu babba, wadda ke farawa daga 3.50. A ce kwas ɗaya mai yunit 3 da ya ci B a cikinsa an rubuta masa F. Maki 12 sun zube, ya koma 3.42, ya gangaro daraja ta biyu ƙarama. In a shekarar ƙarshe ne, ga kuma maimaita shekara da sabon kuɗin rijista. Wanda kuma yake dab da shekara 30, jinkirin na iya raba shi da bautar ƙasa, domin wanda ya haura talatin lokacin kammalawa takardar yafewa NYSC ke ba shi.

To, ranar da ka ga makin da bai kwanta maka ba, ka ɗauki hotonsa, ka nemi kundin dokokin ɗalibai na makarantarku ka duba kwana nawa aka ba mai ƙorafi. Ka fara da kodinetan ajinku da jami'in jarabawa, cikin ladabi, ka roƙi a duba maka makin gwaji da na jarabawa daban-daban. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa. In an ce ba ka zauna jarabawar ba, takardar da ka sa wa hannu a zaure ita ce shaidarka, shi ya sa wanda ya fita bai sa hannu ba ya cuci kansa. In hakan bai wadatar ba, sai ka rubuta takarda ta hannun shugaban sashe da shugaban tsangaya, da sunanka da lambarka da lambar kwas da abin da kake nema. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan naka. "Na ji, zan duba" da aka faɗa maka a bakin mota ba ta shiga fayil.

Neman a sake duba takardar amsa wani mataki ne daban, kuma sai ka yi wa kanka adalci kafin ka taka shi. Akan biya kuɗi, a makarantun tarayya ta Remita da rasit, akan ba wani malami daban ya duba, kuma makin na iya hawa, yana iya sauka. Wanda ya san bai yi karatu ba, ya haƙura ya sake kwas ɗin.

Iyaye, ku ma a yi hattara. Ɗabi'armu ce in abu ya cije a nemi kawu ko kansila ya je ya ga malami. A maganar maki wannan na iya ɓata gyara, don malamin zai ɗauka an zo matsa masa ne, ya ƙara kafewa. Gara ku ba yaron kuɗin mota ya koma Dutse da takardarsa a hannu tun cikin hutu.

Ke kuma ƙanwata, in wani ya nuna miki cewa makinki na hannunsa sai kin same shi a keɓe, kada ki je, kuma kada ki goge saƙon. A 2018 aka bankaɗo muryar Farfesa Richard Akindele na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, wadda wata ɗaliba ta naɗa a waya yana yi mata irin wannan magana. Jami'ar ta kore shi, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta gurfanar da shi, kotun tarayya a Osogbo ta ɗaure shi shekara 2. Ki faɗa wa wata babba da kika yarda da ita a gida, ki kai saƙonnin ofishin shugaban harkokin ɗalibai, in an yi biris ki kai ICPC.