Fita Shan Iska da Iyali Ba Gantali Ba Ne

Akwai wata magana da ta yawaita a bakin mutanenmu na Birnin Kudu da Gwaram, wadda ni kam na gaji da jinta, wai duk magidancin da aka gani da yamma yana tafe a ƙasa, 'ya'yansa na biye da shi, ya nufi gindin dutse ko bakin kogi ba da wata hidima ba, to, ko dai babur ɗinsa ne ya lalace, ko kuwa aikin yi ne ya ƙare masa. Wasu har kan ƙara da cewa ɗabi'ar Nasara ce, domin a manyan biranensu ne hukuma kan keɓe fili a gaɓar ruwa, ta shata hanyoyin ƙafa, ta dasa itatuwa don iyalai su riƙa zagayawa.

Abin mamaki, mai wannan zargi sau da yawa shi ne wanda zai share tun daga La'asar har Magariba a kan benci a majalisa, yana cin naman mutane, alhali 'ya'yansa suna can bakin ruwa su kaɗai, bai san da wa suke ba. To, tsakaninsa da wanda ya riƙe hannun ɗansa suka fita tare, wa ya fi cancanta a kira shi maras aikin yi? In kuwa ta fuskar addini ake tuhuma, ai malamai sun sani Alƙur'ani mai girma ya kwaɗaitar da tafiya a bayan ƙasa domin lura da izina, kuma ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha a cikin wata tafiya, saboda haka wanda ya ce walwala da iyali tana zubar da girma, sai ya faɗa mana inda ya samo hujjarsa. Likitoci ma ba su bar mu a duhu ba, gama Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, yaro kuwa minti 60 kullum, kuma tafiyar ƙafa da ɗan sauri tana cikin abin da ke rage haɗarin hawan jini da ciwon sukari.

Ga shi kuma wurin zuwa bai yi mana wuya ba. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa da ke Birnin Kudu akwai zanen mutanen dā, wanda Bernard Fagg, masanin kayan tarihi, ya yi rubutu a kansa cikin shekarun 1950, inda ake ganin siffar shanu marasa tozo, saɓanin waɗanda Fulani ke kiwo yau, ga kuma duwatsun da in an buga su sukan yi amo kamar kuge. Baƙi na tasowa daga nesa don su gani, amma akwai yaran gari da ba a taɓa kai su ba. Batun aljanu da ake tsoratar da su da shi kuwa, addu'ar fita daga gida ta wadatar.

Sai dai a yi abin bisa tsari. A fita bayan sallar Asuba ko bayan La'asar, a komo kafin Magariba, a bar tsakar rana musamman da bazara. A sa wa yara takalmi rufaffe saboda ƙaya da kunama, a hana su cusa hannu cikin kogon dutse, a riƙe gorar ruwa, a kuma auna nisan tafiyar da ƙarfin ƙaramin cikinsu, ba da na uban ba. Da damina, musamman watannin Agusta da Satumba lokacin da kogin Gwaram ke cika ya batse, a nisanci gaɓa, domin ƙasar takan zabtare ba zato. Ko da rani ma kada a bar yaro ya shiga ruwan da ke kwance, saboda ramukan masu ɗiban yashi, da kuma tsargiya, wadda ƙwayarta ke rayuwa a jikin katantanwa ta shiga mutum ta fata, har a wayi gari yaro na fitsarin jini. Kada a keta gonar mutane, kada a zubar da leda, kada kuma a rubuta suna da gawayi ko fenti a jikin zanen nan, wanda yake ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, kuma ya kamata a nemi izinin masu tsaronsa kafin a hau. Dattijon da ke fama da ciwon zuciya ko na gwiwa, ya fara shawartar likita, sa'an nan ya soma da minti 10 a shimfiɗaɗɗiyar hanya, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan.